Darasi na 17: Rangwame a Cikin Musu

Duk wanda ya fara koyon Hausa yakan riƙe kalmomi biyu tun makon farko, wato "i" da "a'a". Ta farkon ba ta da wata wahala. Ta biyun ce takan jawo wa ɗalibi abin da bai yi zato ba. Nahawu bai hana a ce wa dattijo "A'a, ba haka ba ne" ba, domin jimlar daidai take, babu kuskure ko na wasali ɗaya. Amma wanda ya faɗe ta a zauren mai unguwa, ko a gaban surukinsa, zai ji wuri ya yi tsit, kuma da wuya a sake sauraron hujjarsa, kome kyanta. A wannan darasi za mu koyi yadda Bahaushe yake ƙin yarda da magana ba tare da ya ɓata wa mai ita rai ba.

Mu fara daga kasuwa, tunda a can ne kalmar da muke bukata take. Idan ka shiga Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi ka taya kaya, mai kayan yana da amsa iri uku. Yana iya cewa "Albarka", ma'ana tayin bai yi ba. Yana iya cewa "Na sallama", ma'ana ya yarda, kawo kuɗi. Yana kuma iya yi maka rangwame, wato ya rage wani abu daga kuɗin da ya faɗa, amma bai sauko inda ka taya ba. Ku lura cewa ko ƙin sayarwar ma da kalmar fatan alheri ake yin sa. Haka abin yake a musu. Mai magana yana iya ƙi gaba ɗaya, yana iya sallamawa gaba ɗaya, yana kuma iya yin rangwame: ya amsa wa abokin musunsa ɓangaren da yake da gaskiya a kai, sannan ya kawo tasa maganar. Wannan na ukun shi ne abin nazarinmu.

Hira a ƙofar gida

Alhaji Sale yana da shagon atamfa a Kasuwar Wunti. Musa ɗan ƙanwarsa ne, kuma a hannunsa ya tashi. Musa ya sami gurbin karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Ga yadda suka yi bayan sallar isha'i.

Kawu: Musa, na ji an ce sunanka ya fito a jami'a. Allah ya sanya alheri. Ni dai da za ka bi ta tawa, da ka zauna a shago. Ga masu digiri nan birjik a gari, babu aikin yi.

Musa: Amin, Kawu. Wannan gaskiya ne, ni kaina na san waɗanda suka gama tuntuni suna zaune. Sai dai abin da nake so in karanta lissafin kuɗi ne, kuma shagon nan ma yana bukatar mai riƙe masa littafi.

Kawu: Bukata kam yana bukata. Amma fa shekarun karatu ba kwana biyu ba ne. Wa zai tsaya mini in na tafi Kano saro kaya?

Musa: Haka yake, Kawu, da ɗan tsawo. Amma ai ba wani gari zan tafi ba. Asabar da Lahadi da lokacin hutu duk ina shago.

Kawu: Ko da kana shago kullum, hankalinka yana wajen littafi.

Musa: Wani lokaci kam zai rabu biyu, ban musa ba. Ina ga dai a gwada zango ɗaya. In ciniki ya ja baya, sai a sake shawara.

Kawu: To, Allah ya kai mu gobe, ma ƙara magana.

Ku sake karanta maganganun Musa. Sau uku ya ƙi abin da kawunsa yake so, amma ko sau ɗaya bai ce "a'a" ba. Kowace amsa tasa tana da ƙafa biyu. Da farko yakan ɗauki wani abu daga bakin Kawu ya tabbatar da shi: akwai masu digiri da ba su da aiki, karatun yana da tsawo, hankali zai rabu. Daga nan sai ya juya da "sai dai", ko "amma", ko "ina ga dai". Abin da ya sa rangwamen nasa ya yi tasiri shi ne, kowane abu da ya amsa gaskiya ne, kuma ya ambace shi da sunansa. Da ya riƙa cewa "haka ne, haka ne" kawai yana wucewa, da Kawu ya gane cewa yaron ba sauraro yake yi ba, jira yake a gama ya faɗi tasa.

Shi ma Kawu ya yi rangwame, ko da yake shi ne babba. Ya ce, "Bukata kam yana bukata." Wannan gini ne da ya kamata ku riƙe: a fito da kalma gaba, a bi ta da "kam", a maimaita ta a cikin jimla. "Tsada kam akwai tsada." "Sani kam ya sani." "Kyau kam tana da kyau." Duk Bahaushen da ya ji irin wannan jimla ya san "amma" tana tafe, ko da mai maganar ya yi shiru bai ƙarasa ba.

Ina nauyin magana yake?

Ga jimloli biyu da aka gina da bayani iri ɗaya:

Shagon yana da nisa, amma kayansa da araha.
Kayansa da araha, amma shagon yana da nisa.

Mai jimlar farko zai je shagon. Mai ta biyu ba zai je ba. Abin da ya zo bayan "amma" shi ne matsayin mai magana, na gabanta kuwa rangwame ne. Nan ne masu koyon Hausa suka fi tuntuɓe a wajen sauraro. Ɗalibi ya kai wa shugaban makaranta wata bukata, aka ce masa, "Maganarka tana kan hanya, kuma mun ji daɗi da ka kawo ta, sai dai bana an riga an gama tsarin kuɗi." Ya fita da murna yana cewa an yarda, alhali an hana shi ne cikin ladabi. Idan ana yi muku magana, kada ku yanke hukunci sai kun ji abin da ya biyo bayan "amma" ko "sai dai".

Kalmomin juyawar ma ba ƙarfinsu ɗaya ba. "Amma" tana tsaye a tsakiya. "Sai dai" ta fi ta laushi, domin tana nuna kamar abu ɗaya ne tak ya rage, shi ya sa ta fi dacewa da yaro a gaban babba. "Amma fa" ta fi kaifi, akwai jan kunne a cikinta, kuma kun ga daga bakin Kawu ta fito. Tsakanin sa'o'i kuwa, wato waɗanda shekarunsu ko matsayinsu ɗaya, za ku ji "Ban ƙi ta taka ba, amma…" ko "Gaskiyarka, sai dai…"

Akwai wasu kalmomi uku masu kama da juna da suke bukatar kulawa. "Ko da yake" tana gabatar da abin da ya tabbata: "Ko da yake ana ruwa, zan tafi." Ruwan yana zuba yanzu. "Ko da" ita kaɗai tana gabatar da abin da bai tabbata ba: "Ko da za a yi ruwa, zan tafi." Wataƙila a yi, wataƙila ba za a yi ba. Da Kawu ya ce "Ko da kana shago kullum", bai yarda cewa Musa zai zauna kullum ba. Cewa yake, a ƙaddara ma haka ne, matsalar tana nan. Sannan ga tarko: "ko da" tana da wata ma'ana dabam a cikin labari, wato "lokacin da". Siffar wakilin suna ce take rarrabewa. "Ko da sun iso, ba za mu fara ba" rangwame ne. "Ko da suka iso, sai muka fara" labari ne ake bayarwa. Ta ukun ita ce "duk da": ana cewa "duk da tsadarsa" idan suna ya biyo baya, "duk da cewa yana da tsada" idan jimla ce, ita kuwa "duk da haka" takan buɗe jimla ta biyu bayan an gama rangwamen.

Yadda masu Sifaniyanci suke yi

Wannan dabara ba ta Hausawa kaɗai ba ce, kuma duba wani harshe yakan taimaka wa mutum ya ga nasa darasin sarai. Mu ɗauki Sifaniyanci, harshen da mutane kusan miliyan 500 suka tashi da shi, a Sifen da Meziko da yawancin ƙasashen Kudancin Amurka. A nan Afirka ma shi ne babban harshen hukuma a Ekwatoriyal Gini, wadda tsibirinta na Biyoko ba shi da nisa da gaɓar tekun Nijeriya.

Mai Sifaniyanci da yake son ya ƙi magana cikin sauƙi yakan fara da *sí, pero*, wato "i, amma". Idan yana so ya ƙara nauyin rangwamen sai ya ce *tienes razón, pero*, daidai da "kana da gaskiya, amma", ko *es verdad que…, pero*, wato "gaskiya ne cewa…, amma". Idan babba ne a gabansa yakan sauya wakilin suna, ya bar *tú* ya koma *usted* na girmamawa. Hausa takan yi wannan aiki ta wata hanya, da kalmomin kira: Kawu, Baba, Inna, Yaya, "Allah ya gafarta Malam", "ranka ya daɗe". Suna kuma da kalmar *bueno*, wadda asalin ma'anarta "mai kyau", amma a farkon amsa aikinta ɗaya da "to" ɗinmu: tana jinkirta ƙin yardar, tana ba mai sauraro damar ya shirya.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne kalmar *aunque*. Ita kaɗai take ɗauke da aikin "ko da yake" da na "ko da", sai dai siffar aikatau ta nuna wanne ake nufi. *Aunque llueve* na nufin "ko da yake ana ruwa". *Aunque llueva* na nufin "ko da za a yi ruwa". Wasali ɗaya ne ya raba su, kamar yadda kalmar "yake" ta raba namu. Har ginin nan na Kawu suna da irinsa: *saber, sabe, pero…*, wanda ya yi daidai da "sani kam ya sani, amma…" A wuri ɗaya harsunan suka rabu. Bahaushe yana iya haɗa kalmomin biyu a jimla guda ya ce, "Ko da yake ya tsufa, amma yana da ƙarfi", kuma babu mai ganin laifinsa. A daidaitaccen Sifaniyanci, haka ma a Ingilishi, ɗaya ake zaɓa. Saboda haka idan kun ji wannan a bakin Bahaushe kada ku ɗauka kuskure ne.

Me ya sa harsunan da ba su haɗa dangi ba suka zo da dabara ɗaya? Masana biyu, Penelope Brown da Stephen Levinson, sun yi bayani a littafinsu na 1987 kan ladabin magana cewa kowane mutum yana da wata daraja da yake so a kiyaye masa a bainar jama'a, kuma ƙaryata shi kai tsaye yana taɓa ta. Su "fuska" suka kira ta. Hausawa sun daɗe da sunan abin, wato mutunci. A nazarin da Anthony Kirk-Greene ya wallafa a 1974 kan wanda Hausawa suke kira mutumin kirki, mutunci da kunya da ladabi suna cikin halayen da ya lissafa, tare da gaskiya. Rangwame shi ne yadda ake haɗa waɗannan a numfashi ɗaya: a faɗi gaskiya, a bar wa mutum mutuncinsa.

Muhawara a Bauchi

Birnin Bauchi yana da tarihi a kan wannan batu. A farkon shekarun 1940 wasu malamai uku suka haɗu a garin: Abubakar Tafawa Balewa, wanda yake koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi har ya zama shugabanta, Aminu Kano, wanda aka turo makarantar a 1942, da Sa'adu Zungur, ɗan asalin garin, malami kuma marubucin waƙoƙi. A wannan lokaci aka kafa wata majalisar tattaunawa inda 'yan boko da ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, da jami'an Turawa suke zama ana muhawara kan al'amuran jama'a. Ba ta daɗe ba aka dakatar da ita, bayan da tambayoyi suka fara taɓa tsarin mulkin da matsayin sarki a cikinsa.

Mutanen uku duk suna ganin tsarin En'e yana bukatar gyara, amma salonsu ya bambanta. Sa'adu Zungur da Aminu Kano sun shahara da faɗar magana gaba gaɗi, kuma daga baya Aminu Kano ya zama jagoran jam'iyyar NEPU. Tafawa Balewa ya fi bin hanyar rangwame. A watan Agusta na 1950 ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna yana neman a binciki tsarin En'e a gyara shi. Sukar da ya yi tana da zafi, har ta ɓata wa wasu sarakuna rai, amma bai nemi a rushe sarauta ba. Ya bar mata matsayinta, ya nemi a ba talaka murya a cikin mulki. Cikin 'yan shekaru aka sauya doka, sarki ya koma zartar da al'amura tare da majalisarsa. Shi kuwa ya zama Firayim Ministan Nijeriya daga 1957 har zuwa kashe shi a watan Janairu na 1966, kuma kabarinsa yana nan a Bauchi.

Ba aikin wannan darasi ba ne ya yanke wa ya fi wani a cikinsu, kuma masana tarihi har yanzu suna musu a kai. Abin da ya shafe mu shi ne kowane salo yana da kuɗinsa. Mai faɗa kai tsaye ana jin sa sarai, amma yakan rufe kunnen wanda ya fi bukatar ya ji. Mai rangwame ana ba shi wurin zama a majalisa, amma abokan tafiyarsa suna iya zarginsa da sanyi. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Haka ne, sai dai wanda ya daɗe a durƙushe yana iya mance abin da ya kawo shi. Ɗalibin da ya jera "gaskiya ne" sau huɗu kafin ya kai ga "amma", a muhawarar makaranta alƙalai za su ba abokin hamayyarsa maki, domin shi da kansa ya gina masa hujja. Rangwame ɗaya tak, wanda aka zaɓa da kyau, ya isa a kowace amsa. Kuma akwai inda ba a yin sa sam: idan aka ɗora maka laifin da ba ka yi ba a gaban alƙali ko shugaban makaranta, "haka ne, amma" tana iya zama amsa laifi. A nan sai ka gaida babba da sunan girmamawarsa, sannan ka ce, "Ban yi ba."

Ma'anar kalmomi

rangwame: rage wani abu daga kuɗi ko daga matsayi, ba duka ba
taya: faɗin kuɗin da mai saye yake so ya biya
birjik: da yawa, ko'ina
saro kaya: sayo kaya da yawa don a sayar
tuntuɓe: bugun ƙafa da wani abu, a nan, yin kuskure
gaba gaɗi: ba tare da tsoro ko kwana-kwana ba
ƙudiri: bukatar da ɗan majalisa yake gabatarwa don a tattauna a yanke shawara

Aiki

1. Fitar da duk kalmomin rangwame da na juyawa da Musa ya yi amfani da su. Wanne ne a cikinsu ba zai dace ya faɗa wa Kawu ba da a ce ya ƙara masa "fa"? Me ya sa?

2. Cike gurbi da "ko da", "ko da yake", "duk da" ko "duk da haka":
a. ______ nisan Yankari, ɗalibai sun je sun dawo a rana ɗaya.
b. ______ sun ba ni kyauta, ba zan karɓa ba.
c. ______ suka ji ƙarar ƙararrawa, sai suka shiga aji.
d. Malam ya gaji. ______ ya duba mana aikinmu.
e. ______ Hausa ba harshen gidanmu ba ne, ina jin ta sosai.

3. Mayar da waɗannan amsoshi su zama masu rangwame. Ka faɗi wanda kake yi wa magana, kuma ka kira shi yadda ya dace:
a. A'a, wannan atamfar ba ta kai haka ba.
b. Ba haka ba ne, ƙwallo ba ta hana karatu.
c. Ƙarya ne, motar safe ta fi ta yamma cika.

4. Ta yaya ake rangwame a harshen gidanku? Rubuta jimla biyu a harshen, ka fassara su zuwa Hausa, ka nuna ko ana iya haɗa kalmar "ko da yake" da ta "amma" a jimla ɗaya kamar yadda Hausa take yi.

5. Ku rabu biyu-biyu. Ɗaya ya zama Kawu, ɗaya ya zama Musa, ku ci gaba da hirar washegari da safe a shago. Kowa ya yi magana sau huɗu, kuma a kowace amsa a ambaci ainihin abin da aka amsa wa ɗayan kafin a ce "amma" ko "sai dai".